Ciwon Dajin Kai da Wuya: Me Ya Sa Likitoci Ke Auna Tsokar Majinyaci?

Shin da gaske ana iya duba hoton wuyan mai ciwon daji, a auna kaurin naman da ke kewaye da ƙashinsa, a gane ko zai jure magani, har a yi hasashen yadda jinyar za ta kaya? Maganar ta daɗe tana yawo a tsakanin likitocin kansa, kuma duk lokacin da ta fito fili sai a ji an yi mata fahimta iri biyu, kowace da gyara a cikinta. Wasu na cewa likitoci sun koma duba, suna yanke wa mutum kwanakinsa, alhali rai na hannun Allah. Wasu kuma sun tsinci gutsuren labarin, suka ce ashe mai ƙiba ya fi tsira daga kansa, don haka a dage a ƙara teɓa. Abin da binciken ya gano ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi amfani: sikeli na iya ruɗin mutum, kuma tsoka ce jarin da majinyaci ke kashewa a lokacin jinya.

Wane ciwo ake nufi?

Idan likita ya ce ciwon dajin kai da wuya, ba na ƙwaƙwalwa yake nufi ba, wannan ajinsa daban. Yana nufin wanda ke tsirowa a baki, harshe, dasashi, maƙogwaro, akwatin murya, cikin hanci da kogunan da ke gefensa, da kuma wuraren da ke samar da yawu. Kusan kashi 90 cikin ɗari suna tasowa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe waɗannan hanyoyi ta ciki. Ƙididdigar duniya ta 2018 ta nuna sababbin masu ciwon kusan 890,000, waɗanda suka rasu kuma kusan 450,000. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo shi. Akwai ƙwayar cutar HPV da ke haddasa na bayan harshe da 'yan wuya, musamman a Turai da Amurka, da ƙwayar Epstein-Barr da ke da hannu a na bayan hanci.

Abin da ya ware wannan ciwo daga sauran, dangane da batunmu, shi ne wurin da ya zauna. Ya tare ƙofar abinci. Mai ciwon dajin mama na iya cin tuwonta har ta soma magani. Wanda ƙari ya fito masa a gindin harshe kuwa, watanni kafin ya ga likita ya riga ya sauka daga tuwo zuwa kunu, daga kunu mai kauri zuwa ruwa-ruwa. Sannan maganin ya zo ya ƙara wa wuta fetur. Gashi da na'urar haske yawanci sau 35 ne, kwana biyar a mako, har mako bakwai. Daga mako na biyu zuwa na uku baki da maƙogwaro su kan saluɓe, yawu ya yi kauri ko ya ƙafe, ɗanɗano ya gushe, nama ya koma kamar tsumma a baki. Mutum na jin yunwa amma haɗiyar ruwa ma aiki ce.

Inda sikeli ke yin ƙarya

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne BMI: a raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau kansa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da dabarar a shekarun 1830, Ancel Keys kuma ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yanzu a 1972. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidai, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce mai yawa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bai san kitse ba, bai san tsoka ba, bai san ruwa ba. Duk kilo ne a wurinsa.

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen ragon layya ya san abin da ake faɗi. Mai wayo ba ya tsayawa kan girman da ido ya gani. Sai ya kama gadon baya, ya lalubi cinya, don ya san akwai ragon da aka ɗura wa dusa da ruwa ya kumbura, in aka yanka sai a ga ba nama. Jikin ɗan Adam ma haka yake. A ɗauki misali da mutum biyu, kowa kilo 80, tsawo mita 1.70. BMI ɗinsu ɗaya, wajen 27.7. Amma ɗaya ɗan dako ne, ɗayan kuma shekara talatin yana zaune a shago. A takardar asibiti tagwaye ne. A cikin jiki kuwa tsakaninsu akwai tazarar tsoka ta kilo da yawa.

Akwai kalmomi uku da ake cakuɗawa a nan. Ta farko sarkofiniya, wato zaizayewar tsoka da ƙarfinta. Irwin Rosenberg ne ya ƙirƙiro sunan a 1989 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "talaucin nama", kuma da farko tsofaffi yake nufi. Ta biyu kakeksiya, ramar da ciwon da kansa ke jawowa: ƙarin na tayar da sinadaran kumburi a cikin jini, su kashe sha'awar abinci, su sa jiki ya dinga rushe tsokarsa, kuma abinci kaɗai ba ya mayar da ita gaba ɗaya. Wata yarjejeniyar masana ta 2011 ta ce asarar fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyi a wata shida alama ce tata. Ta uku ita ce mafi ruɗarwa: ƙiba a waje, rama a ciki. Kumatu cike, ciki ya fito, 'yan dubiya na cewa "ai jiki da sauƙi, bai ma rame ba", alhali kitse ne ya rufe asirin tsokar da ta riga ta tafi.

Yadda hoto ɗaya ya zama ma'auni

Kusan kowane mai ciwon daji ana yi masa hoton CT don a ga girman ƙari da inda ya kai. Na'urar tana yanka jiki faifai-faifai a hoto, kuma kowane ɗigo na hoton yana da lamba gwargwadon yadda abin da ke wurin ya tare haske. Ana kiran ma'aunin da sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da ya samu lambar yabo ta Nobel a 1979 saboda wannan na'ura. Ruwa sifili ne, iska 1000 ƙasa da sifili. Tsoka na faɗowa daga 29 ƙasa da sifili zuwa 150 sama da shi, kitse kuma ƙasa da haka. To, sai kwamfuta ta shafa wa tsoka launi, ta lissafa faɗinta.

Masu bincike sun lura cewa faifai ɗaya tak, wanda ya ratsa gaɓa ta uku ta ƙashin ƙugu, yana ba da labarin tsokar jiki duka. Sai a raba faɗin tsokar da ke wurin da tsawon mutum sau kansa, kamar yadda ake yi wa BMI. Mu koma ga mutanenmu biyu. A ce ɗan dako na da murabba'in santimita 165, lambarsa ta zama 57. Mai shago na da 120, tasa ta zama wajen 41 da rabi.

Aikin da ya buɗe idon jama'a ya fito ne daga Jami'ar Alberta da ke Edmonton a Kanada. A 2008 Carla Prado da abokan aikinta suka duba masu ƙiba 250 da ke da ciwon dajin huhu ko na hanyar abinci, suka tarar 38 daga cikinsu tsokarsu ta zaizaye, kuma waɗannan sun fi saurin mutuwa nesa ba kusa ba. Daga nan aka samo iyakar da ta shahara: 52.4 ga maza, 38.5 ga mata, wanda lambarsa ba ta wuce haka ba tsokarsa ta zaizaye kenan. A 2013 Lisa Martin, a wannan jami'a dai, ta bi sawun majinyata 1,473. Waɗanda suka haɗa abu uku, asarar nauyi da ƙarancin tsoka da tsokar da kitse ya ratsa, matsakaicin rayuwarsu wata 8.4 ne. Waɗanda ba su da ko ɗaya, wata 28.4. Kuma wannan bai canja ba ko mutum siriri ne ko ƙato.

Batun kitse da ke ratsa tsoka ya cancanci a tsaya a kansa. Mahauci na yabon naman da kitse ya shiga tsakaninsa, don ya fi taushi a kan wuta. A jikin mai rai kuwa alamar lalacewa ce. Irin wannan tsoka na fitowa dishi-dishi a hoto, lambarta ƙasa-ƙasa, kuma ba ta da ƙarfin da girmanta ke nunawa.

Matsalar wuya, da dabarar mutanen Utrecht

Sai dai mai ciwon maƙogwaro ba kasafai ake ɗaukar hoton cikinsa ba. Hotonsa na kai da wuya ne, bai kai ƙugu ba. Shi ya sa binciken cibiyar MD Anderson ta Houston a Amurka, wanda Aaron Grossberg ya jagoranta a 2016, daga cikin majinyata 2,840 bai samu masu hoton jiki duka, kafin gashi da bayansa, ba sai 190. Abin da ya gano a kansu ya isa a yi tunani: kashi 35 cikin ɗari tsokarsu ta riga ta zaizaye kafin a fara, bayan an gama kuma adadin ya kai kusan kashi 66. Masu ƙarancin tsoka haɗarin mutuwarsu ya kusa ninka na sauran. Wani abin mamaki shi ne, yawan kilon da mutum ya zubar bayan an soma gashi bai nuna wanda zai rayu ba. Sikeli yana motsi, amma ba ya faɗin me ya tafi.

A shekarar dai, likitocin asibitin jami'a na Utrecht a ƙasar Holan suka kawo mafita. Suka ce a auna a gaɓa ta uku ta ƙashin wuya: tsokokin da suka rungumi ƙashin, da dogayen nan biyu da ke saukowa daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji. A haɗa da shekaru da nauyi da jinsin mutum, lissafi ya ba da ƙiyasin abin da za a samu a ƙugu. Kyawun abin shi ne ba sabon hoto, ba ƙarin kuɗi, ba ƙarin haske a jiki. Hoton da aka riga aka biya ne ake sake tatsa. Idan ƙari ya cinye tsokar ɓangare ɗaya, sai a auna ta ɗaya ɓangaren a ninka.

Shekara guda bayan haka suka gwada dabarar a kan majinyata 112 da ake haɗa wa gashi da allurar kemoterafi, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Waɗanda lambarsu ba ta wuce 43.2 ba, kusan kashi 44 cikin ɗari sai da aka rage musu magani, ko aka jinkirta, ko aka tsayar, saboda illa. A ɗaya rukunin kuwa ƙasa da kashi 14 ne. Bincike da dama sun biyo baya a Turai da Asiya da Amurka, kuma idan aka tara su wuri ɗaya amsar ba ta cika nisa da ta Houston ba: ƙarancin tsoka na tafiya da haɗarin mutuwa kusan ninki biyu. An kuma ga cewa waɗanda aka cire wa akwatin murya, in tsokarsu ta yi ƙasa, ɗinkinsu ya fi saurin buɗewa, yawu ya dinga yoyo ta fatar wuya.

Me ya haɗa tsoka da tsawon rai?

Hanya mafi bayyana ita ce ta magani. Sisfilatin shi ne maganin da aka fi haɗawa da gashi, kuma ana ba da miligiram 100 ga kowane murabba'in mita na faɗin fatar jiki, sau uku, mako uku-uku. Shi faɗin fatar daga tsawo da nauyi ake lissafa shi, kuma shahararriyar dabarar lissafin ta Du Bois ce ta 1916, wadda aka gina a kan mutum tara kacal. Mutanenmu biyu kenan kowa zai sha wajen miligiram 192. Amma sisfilatin abokin ruwa ne, ba ya son kitse, a sassan jiki marasa kitse yake bazuwa. Kamar a zuba gishiri cokali ɗaya ne a babbar tukunya da ƙarama. Mai shago zai ji zafinsa fiye da ɗan dako: ƙoda, ji, amai, raguwar ƙwayoyin jini. In aka tsayar masa a zagaye na farko, bai kai jimlar miligiram 200 ga kowane murabba'in mita da likitoci ke son a kai ba, ƙarin ya samu sarari.

Sannan tsoka rumbu ce. Jiki ba shi da wata ma'ajiyar furotin sai ita. In ana son warkar da rauni ko yaƙar cuta ga kuma baki ba ya karɓar abinci, daga nan ake ɗiba. Wanda ya shiga damina da rumbu rabi ya san yadda watan Agusta ke yi masa. Haɗiya ma aikin tsoka ce, tari ma haka. Idan sun raunana, abinci na ɓata hanya ya faɗa huhu, tari kuma ya kasa fito da shi, sai ciwon huhu ya biyo baya. Mutane da yawa wannan ne ke kai su ƙasa, ba ƙarin kansa ba.

Masu ja da baya, da hujjojinsu

Ba duk likitoci ne suka rungumi abin hannu bibbiyu ba, kuma ni ina ganin hujjarsu ta farko tana da ƙarfi sosai. Sun ce: wa ya haifi wani? Wataƙila ba ƙarancin tsoka ke kashe mutum ba, mugun ƙari ne ke cinye tsoka ya kuma kashe mai ita, mu kuma muna ganin hayaƙi muna kiransa wuta. Ga shi wanda ya shekara arba'in yana busa sigari yana shan giya yawanci ramamme ne, huhunsa da zuciyarsa sun gaji. Mai ciwon da HPV ta jawo kuwa sau da yawa ya fi ƙuruciya da ƙoshin lafiya, kuma irin ƙarinsa ya fi jin magani. Masu bincike na ƙoƙarin cire waɗannan a lissafi, alaƙar kuma tana nan, amma yawancin aikin waiwaye ne cikin tsofaffin takardun asibiti. Daga nan ne ma zancen "mai ƙiba ya fi tsira" ya samo asali. Gaskiya ne a wannan ciwo masu BMI sama-sama sun fi daɗewa a ƙididdiga, amma wani ɓangare na dalilin shi ne babban jiki kan zo da tsoka mai yawa, wani ɓangaren kuma ramammu da yawa ciwon ne ya riga ya ramar da su.

Hujja ta biyu ita ce iyaka. Kanada ta ce 52.4 da 38.5. Utrecht ta fara da 43.2 ga kowa, mace da namiji, abin da ke jefa mafi yawan mata cikin masu ƙaranci. Ƙungiyar likitocin hanta ta Japan ta ɗauki 42 ga maza, 38 ga mata. Namiji mai lamba 47 ramamme ne a Edmonton, lafiyayye ne a Tokyo. Waɗannan lambobi daga jikin Turawa da mutanen gabashin Asiya aka ciro su, don haka ɗora su kai tsaye a kan dogon Bafulatani siriri da ke tafiyar kilomita ashirin bayan shanu abu ne da ke buƙatar hattara. Hujja ta uku kuma, ƙiyasin wuya yana dacewa da na ƙugu idan an duba jama'a da yawa, amma ga mutum ɗaya yana iya kaucewa.

A nan ne amsar masu cewa an koma duba take. "Ninki biyu" magana ce a kan taro. Tana nufin in ka jera mutum ɗari masu ƙarancin tsoka da ɗari masu isasshiya, za a fi rasa rayuka a layin farko. Ba ta san sunan kowa ba. Matakin da ciwon ya kai da wurin da ya fito har yanzu su ne manyan alƙalai.

Ina amfaninsa ga majinyaci?

Amfanin shi ne a san mai rauni tun kafin a ɗora masa kaya. Likita na iya sa ido sosai kan ƙodarsa, ko ya zaɓi ƙaramin sisfilatin na mako-mako, miligiram 40 ga kowane murabba'in mita, wanda wani babban gwaji a Japan ya nuna bai gaza na mako uku-uku ba ga waɗanda aka riga aka yi wa tiyata. Ana iya haɗa shi da masanin abinci tun ranar farko, a kuma yi maganar bututun abinci, ta hanci ko ta ciki, kafin maƙogwaro ya rufe. Iyalai da yawa na ɗaukar bututun nan a matsayin alamar an sallama mutum, su ƙi. Kuskure ne mai tsada, don sau da yawa shi ke ba mutum damar ƙarasa mako bakwai ɗin ba tare da tsayawa ba.

Ƙa'idar ƙungiyar masana abincin asibiti ta Turai ita ce mai ciwon daji ya samu furotin fiye da giram 1 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, har zuwa 1.5 in da hali. Mai kilo 60 kenan yana buƙatar giram 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko ɗan sama. A nan ne kunu zalla ke yaudarar masu jinya: kofi ya shiga, ciki ya cika, hankalin kowa ya kwanta, amma kusan duk sitaci ne da ruwa. A zuba masa madara, ko a yi na gyaɗa, a kawo nono, ƙwai, awara mai taushi, alala, kifi da aka marmasa cikin romo mara yaji. Tsami da barkono na ƙona saluɓaɓɓen baki, don haka kunun tsamiya ya dakata. Masu cewa a hana majinyaci abinci don a kashe ƙari da yunwa kuwa, tsokarsa suke kashewa.

Abinci kaɗai ba ya gina tsoka sai an motsa ta. Wani gwaji a Denmark ya nuna cewa mako 12 na atisayen ɗaga nauyi bayan kammala gashi ya dawo wa majinyata da tsoka kimanin kilo 2. Wannan ya tabbatar ana iya mayar da abin da ya tafi. Amma ko mayar da shi na ƙara tsawon rai, wannan manyan gwaje-gwaje ba su yanke ba tukuna, kuma duk mai tallar garin ƙarin tsoka da wannan alkawari ya wuce inda ilimi ya tsaya.

A asibitocinmu kuwa, daga Shika zuwa Sakkwato zuwa Yamai, galibin masu wannan ciwo na zuwa ne a makare, bayan an zaga wurin mai magani da kantin magani, an kuma sha jiran layin na'urar gashi. Ramar tasu ba ta buƙatar kwamfuta. Inda awo zai yi aiki shi ne wajen masu jiki a ido. Ko babu manhajar auna hoto, akwai abin gwada ƙarfin damƙa, wanda masana a Turai suka ce ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, alamar rauni ce. Akwai ƙirga daƙiƙun da mutum zai ɗauka ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba, in ya wuce 15 akwai magana. Akwai tef ɗin awo a damtse da sha-raɓa, irin aikin da ma'aikatan lafiya suka saba yi wa yara masu tamowa. A gida ma mai jinya na iya lura: gefen goshi ya lotsa, naman tsakanin babban yatsa da manuni ya faɗa, agogo na yawo a hannu, hular da ta saba zama daram ta fara juyawa. Waɗannan ya kamata a faɗa wa likita a ranar farko, tare da nauyin da mutum yake da shi wata shida da suka wuce, in an sani.